Gwaggo a Cikin Firiza

Ranar da Auta ta fara ganin Janar, a ƙarƙashin teburinsa ta ƙare.

Yayarta ce ta aike ta shagon kwafi da ke ƙarshen layinsu, ta bugo musu takardun da suke mannawa a jikin kwalin kek. Ta yi sallama, shiru. Ta matsa ciki, sai ga wani dogon saurayi ya ba wa ƙofa baya, kunnuwansa a toshe da hedifon, hancinsa kamar zai huda gilashin kwamfuta. Ta buɗe baki za ta sake sallama ke nan, sai ya kwarma ihu: "Ku kwanta! Ku kwanta, ga shi nan da bindiga!"

Auta ba ta tsaya neman ƙarin bayani ba. Ta yar da jaka, ta shige ƙarƙashin tebur, ta ƙanƙame ƙafar kujera tana salati.

Da ya cire hedifon ya leƙo suka haɗa ido, bai yi dariya ba. Wannan ne abin da ya fara shiga ranta game da shi. Cewa ya yi, "Baiwar Allah, kin burge ni. Da yaran ƙungiyata suna jin umarni kamar ke, da tuni mun gagari duniya."

Kafin ta gama gyara mayafinta, ya riga ya bayyana mata cewa wasan harbi ne ake yi ta intanet, mutum biyar suna karawa da biyar, kuma duk faɗin nahiyar nan babu wanda ya kai shi saiti. Shi ya sa ake ce masa Janar. Daga baya ta gano shi ya raɗa wa kansa. Ta dubi gilashin, ta ga sojan nasa a tsaye ƙiƙam, ya fuskanci bango.

"Me yake kallo a bangon?" ta tambaya a hankali.

"Dabara ce," in ji shi. "Ba kowa zai gane ba."

Ba dabara ba ce, Gwaggo ce. Haka duk mutanen layin suke kiran kwamfutar shagon, wadda Janar ya gada daga kawunsa tare da injin kwafi da tabon tawada a bango. In aka kunna ta sai ta yi tari, ta yi nishi, ta yi dogon tunani, sannan ta farka. Wajen buga takarda ba ta da laifi. Amma in aka ɗora mata wasan harbi, hoto ɗaya-ɗaya take kawowa, kamar mai nuna wa baƙo hotunan biki. Janar zai hango abokin gaba a bakin ƙofa, kafin Gwaggo ta kawo hoto na gaba, mutumin ya harbe shi, ya harbi na kusa da shi, ya tafi harkokinsa. Dole Janar ya koyi harbin inda babu kowa, ya zauna yana jira mutum ya zo ya tarar da harsashi. Wani lokacin har a dace.

Tun daga ranar, aikin bugawa ya ƙi ƙarewa a shagon kek. Yau an canza launi, gobe an ƙara fure a gefe.

"Auta," in ji Yaya wata safiya, tana juya tarin takardun, "kwalayenmu nawa ne wai? Abin da kika bugo ai ya isa a liƙe ginin nan har rufi."

Auta ta sunkuyar da kai tana kaɗa ƙwai. A zuciyarta magana ba ta ba ta wuya, har takan shirya amsoshi masu daɗi tana wanke kwanuka. Bakin ne ba ya karɓar saƙo.

Ana cikin haka aka sanar da babbar gasa ta wasan, mai kofi. Janar ya fito ƙofar shagonsa ya tafa hannu har Mai aski ya leƙo da almakashi, Mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa, Baba mai ƙanƙara ya rage rediyo.

"Jama'a, ku zama shaida," in ji shi. "Akwai wata tambaya da nake son in yi wa wata a layin nan." Idonsa na kan Auta, har Baba mai ƙanƙara ya waiwaya ya tabbatar. "Amma ni ba na zuwa neman aure hannu rabbana. Sai ranar da na ɗaga kofin nan da hannun dama, sannan zan buɗe baki. Kafin nan, ko da wuƙa aka sa min a wuya, ba zan furta ba."

"Shi ke nan," in ji Yaya. "Ƙanwata ta tsufa a gida."

"Haba Yaya, matsalar ba ni ba ne, Gwaggo ce. Zan sabunta ta da hannuna. Nan da ranar gasa, in ta tashi gudu sai an riƙe teburin."

Auta ta so ta ce ita ba ta ajiye wurin kofi a zuciyarta ba, ya tambaya kawai. Ta buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Allah ya ba da sa'a." Ta koma ciki tana jin haushin kanta. Yanzu aurenta ya rataya a wuyan Gwaggo.

Washegari Janar ya dawo daga kasuwar tsofaffin kayan lantarki rungume da wani abu a cikin tawul, kamar jariri. Ya kwance a gaban jama'a. Wani dogon ƙarfe ne baƙi, mai fankoki uku a jere.

"Katin hoto ke nan," in ji shi. "Shi ke zana duk abin da ake gani a wasa. Gwaggo ido ne ba ta da shi, ga shi na sayo mata."

Mai aski ya gwada tsawonsa da mataji. "Yallaɓai Janar, wannan ai ya fi Gwaggon tsawo."

"Kai da kan mutane kawai ka sani, ina ruwanka da cikin inji?"

"Kan mutanen ma, daga taɓawa nakan san wanda babu komai a ciki."

Aka kwantar da Gwaggo, aka buɗe cikinta. Janar ya tura katin ta dama, ya ƙi. Ya tura ta hagu, ya ƙi. Ya cire takalmi zai taimaka masa da dunduniya, sai Mai walda ya riƙe hannunsa. Shi Mai walda bai taɓa ganin matsalar da yanka ko liƙi ba za su warware ba.

"Kar ka wahalar da kanka, maƙwabci. Taga za mu buɗe mata."

Aka ja Gwaggo zuwa bakin shagon walda. Tartsatsi ya tashi, Auta ta rufe ido. Da aka gama, katin ya shiga, sai dai rabinsa yana waje, ya leƙo ta gaban Gwaggo kamar ta zaro wa duniya harshe. Mai walda ya ce a bari ya ɗan ɗiga masa wuta a gindi don kada ya yi rawa. Janar ya kusa yarda, sai ya tuna yana da igiyar takalmi, aka mayar da ita shagonsa ya ɗaure harshen a jikin ƙusar kalanda.

Bayan an rufe, ƙananan notina suka rage cike da tafin hannunsa.

"Waɗannan fa?" in ji Yaya.

"Masu ƙerawa ne ke cusa su don a ce sun yi aiki. Na rage mata nauyi, yanzu za ta fi gudu."

Ya danna makunni. Fankoki uku suka ɗauki kuka kamar jirgi zai tashi. Fitilun layin suka dushe, injin aski ya rage gudu a tsakiyar kan wani bawan Allah har ya ciji gashinsa, mutumin ya yi ƙara. Gwaggo ta kawo hoto mai kyau irin wanda ba ta taɓa kawowa ba, ta riƙe shi kamar na tsawon shan ruwa, sannan ta mutu ɗif. Baba mai ƙanƙara ya ɗora hannu a bayanta, ya janye da sauri yana hura yatsu.

"Ɗana, wannan zazzaɓi ne."

"Zumuɗi ne, Baba. Ba ta saba da ƙarfi ba."

Ya sake buɗe ta. A ƙarƙashin wata ƙaramar fanka ya tarar da ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗan ƙarfe mai faɗin akwatin ashana, an shafe shi da wani abu ruwan toka da ya bushe.

"Kun gani? Dauɗa! Tun zamanin kawu ba a taɓa wanke mata kai ba."

Ya ari cokali ya kankare shi tas, har ƙarfen yana sheƙi. Ya kunna. Wannan karon Gwaggo ko tari ba ta gama ba ta sume. Janar ya koma gefe da wayarsa, ya kalli wani bidiyo inda wani mutum yake matsa farin mai a kan ƙwaƙwalwar kwamfuta yana cewa shi ke janye zafi. Ya kashe wayar, ya gyara wuyan riga.

"Dama na sani. Tsohon man na cire don in sa sabo."

"To sai ka koma kasuwa ka sayo," in ji Mai aski.

"In je kasuwa neman abin da ke maƙwabtana?"

Kai tsaye shagon kek ya nufa. Yaya ta fita kai saƙo, Auta ce kaɗai, tana zana furanni a kan kek da farin kirim. Janar ya tsaya yana kallon jakar kirim ɗin kamar ya tsinci zinariya.

"Auta, wannan fari ne?"

"Fari ne."

"Mai laushi ne?"

"Eh."

"Daga firij ya fito?"

"Yanzu na ɗauko shi."

"To ai shi ke nan, ilimin ɗaya ne."

Auta ta san sukari, ta san bota, ta kuma san abin da suke zama in suka haɗu da wuta. Kalmar "a'a" har ta hau kan harshenta. Sai ya sassauta murya ya ce, "Ina so hannunki ya kasance a cikin nasarar nan. Ranar da na ɗaga kofi, in ce da ni da ke muka yi."

Kalmar ta koma inda ta fito. Ta bi shi da jakar kirim, ta durƙusa a gaban Gwaggo. Da yake ba ta iya matsa kirim haka kawai ba, sai ta zana ɗan fure a kan ƙwaƙwalwar, mai ganye biyu a gefe. Janar ya daɗe yana kallonsa kafin ya ɗora fanka a kai ya danne.

Gwaggo ta tashi, har ta ɗan jima. Sai wani ƙamshi ya fara fita ta tagar da Mai walda ya buɗe, ya bi layin shago-shago. Masu wucewa suka fara tsayawa. Wata mata da 'ya'yanta ta wuce shagon kek ta shiga shagon kwafi tana tambayar ko akwai mai zafi. Yaya ta dawo ta tarar da mutane a ƙofar Janar, tata ƙofar wayam.

"Kai! Bai ishe ka ba ka ɗauke min hankalin ƙanwa, sai ka haɗa da masu sayen kek?"

"Yaya, nasara ce take ƙamshi."

Yaya ta shaƙi iskar, ta juyo ta kalli Auta, ta kalli jakar kirim. Auta ta ga ya dace ta je ta duba abin da ke cikin oven.

Da gari ya waye, baƙi sun iso. Tururuwa ce, layi biyu, masu shiga da masu fita, sun taso tun daga bakin kwata, sun hau ƙafar tebur, sun bi igiyar takalmi, sun shige ta kan harshen Gwaggo cikin tsari kamar ma'aikata. Ranar kuwa ita ce ranar gasa.

Mai aski ya kawo injin busar da gashi, wai a hure su. Janar ya karɓa ya murɗa shi har ƙarshe, bai lura da cewa iska mai zafi yake fitarwa ba. Sauran kirim ɗin ya narke ya gangara, tururuwar da ta tsira ta tashi sama ta sauka a wuyan wani malamin makaranta da ya zo kwafin takardun jarrabawa. Malamin ya fita yana rawar da ɗalibansa ba su taɓa ganin ya yi ba.

Janar ya tsaya riƙe da ƙugu. Zafi a ciki, tururuwa a ciki, gasa da la'asar. Idonsa ya zagaya layin, ya sauka a kan doguwar firizar Baba mai ƙanƙara. Fuskarsa ta washe. Auta ta dafe kai, domin ta fara gane wannan murmushin.

"Baba, ina kwana."

"Mun gaisa ɗazu. Me kake so?"

"Gado nake nema wa Gwaggo, na yini ɗaya."

"Firizata ba asibiti ba ce."

"Baba, yau duk unguwar nan a ƙofarka za ta taru kallon gasa. In rana ta dake su, wa za su nema? Ko kwalba ɗaya ba za ta kwana ba."

Baba ya shafa gemu, ya leƙa firizar, ya fara matsar da kwalaben lemo gefe. Aka kwantar da Gwaggo a tsakiyarsu, aka zaro wayoyi ta ƙarƙashin murfi, aka toshe kafar da tsumma. Da wayar wuta ta gaza kaiwa, Mai walda ya ƙara mata wata, ya murɗe su da haƙori, ya naɗe da leda.

"Ba za ka gwada ba kafin lokaci?" Auta ta yi ƙarfin halin tambaya.

"Mai shakka ne ke gwaji," in ji Janar.

La'asar na yi, ƙofar Baba ta cika. Mai aski ya ciro talabijin ɗin shagonsa aka jona, don kowa ya gani ya kuma ji muryoyin 'yan ƙungiya. Aka jera bencina. Mai walda har ya ƙera ɗan teburin ƙarfe na ajiye kofi, fentinsa bai bushe ba. Janar ya zauna a tsakiya, ya miƙe yatsu suka yi ƙara, ya kunna.

Gwaggo ba ta yi tari ba, ba ta yi nishi ba. Wasan ya buɗe sumul, yana tafiya kamar ruwa. Janar ya saki baki.

"Ashe akwai tsuntsaye a wasan nan?" ya ce a hankali. "Ji ganye yana motsi!"

"Janar, ka taho mana!" wata murya ta fito daga talabijin. "An fara!"

Ya fizgi maus, linzamin kwamfutar, da ƙarfi, yadda ya saba yi wa Gwaggo kafin ta yarda ta juya. Sojan nasa ya kama juyi a wuri ɗaya kamar fanka. Ya fizga ta ɗaya gefen, sojan ya juya baya, ya zura da gudu, ya faɗa rami.

"Wanne ne namu?" wata tsohuwa ta tambaya daga benci.

"Wanda ya faɗa rami, Iya."

"Allah sarki. Tura shi aka yi?"

"Dabara ce!" in ji Janar, gumi yana tsattsafo masa.

Zagaye na biyu, ya hango ƙofa babu kowa, ya saita ya harba yadda ya saba, don mai zuwa ya tarar. Amma yau harsashi ba ya jiran kowa. Nan take ya fita, kuma wanda ya leƙo a daidai lokacin ɗan ƙungiyarsu ne.

"Wa ya harbe ni? Janar! Ni ne fa!"

"Ka shigo da wuri ne!"

Zagaye na uku ya harbi wani nasu a baya. Na huɗu ya jefa gurneti, ya bugi bango ya dawo gabansa, ya tsaya yana sha'awar yadda aka zana shi da kyau har ya tashi da shi. Jama'a suka kwashe da dariya, Mai aski ya faɗo daga benci yana riƙe ciki.

"Janar, don girman Allah," in ji muryar talabijin, "koma ka fuskanci bango yadda ka saba. Mun fi samun kwanciyar hankali."

Auta ba ta yi dariya ba. Duk faɗuwar da sojan ya yi, sai ta ji kamar an ƙara matsar da ranar aurenta gaba. Ta ga yadda idon Janar ke bin hoton ya kasa kamo shi. Shekara da shekaru yana tafiya da saurin Gwaggo, ya san inda take tsayawa ta huta, ya san tsawon tunaninta. Wannan mai gudun baƙuwa ce a wurinsa.

Shi ma ya gane. Ana shirin zagayen ƙarshe, wanda in suka faɗi an fitar da su, ya miƙe tsaye jiri yana ɗibarsa.

"An canza min Gwaggo! Ku fito min da ita!"

"Kai da ka ce a sa ta?" in ji Baba.

"Yanzu na ce a fito da ita! Sanyi ya sa ta rashin kunya!"

Mai walda da Mai aski suka ɗaga murfi, suka ciro ta tana hayaƙin sanyi, suka dire ta a kan teburin kofi, a tsakiyar rana. Nan da nan jikinta ya fara gumi. Fankoki suka ɗauki kuka. Hoton talabijin ya fara tsayawa, ya motsa, ya sake tsayawa. Sai ga tarin nan da kowa ya sani.

Janar ya sauke ajiyar zuciya. "Yauwa. Sannu da dawowa, Gwaggo."

Ya zauna, ya saita wata kusurwa da babu kowa, ya harba, ya naɗe hannu. Hoto ya tsaya. Da ya dawo, ga abokin gaba a kwance.

Layin ya ɗauki sowa. Janar ya juya ga wata taga, ya harba, ya jira. Wani ya faɗo. Mai aski ya cire hula yana juyi, Baba ya buɗe lemo ya sha da kansa, tsohuwar nan tana tambayar ko namu ne ya sake faɗuwa. Muryoyin talabijin suna ta ihu, "Janar! Janar!" Auta ta tsinci kanta ta ƙanƙame hannun Yaya har Yaya tana cewa, "Ke, za ki karya ni!"

Saura mutum ɗaya. Janar ya ɗaga yatsa sama don kowa ya gani, ya sauke shi a hankali kan maus.

A daidai nan gumin Gwaggo, da ya taru a kan harshenta, ya gangaro ya ɗiga a kan mahaɗar wayar da Mai walda ya murɗe da haƙori.

Fau! Wani farin hayaƙi mai ƙamshin alewa ya tashi. Talabijin ya yi baƙi. Firiza ta yi shiru, rediyon Baba ya yi shiru, duk layin wuta ta ɗauke. Fankoki uku suka ci gaba da juyawa su kaɗai, suna rage gudu, har suka tsaya. Daga tagar Gwaggo sai ga tururuwar da sanyi ya sumar ta farfaɗo, ta fito a layi ta kama hanyar gida.

Wayar Janar ta yi ƙara. Mai aski ya leƙa ta kafaɗarsa ya karanta wa jama'a da babbar murya: an fitar da su daga gasa, kuma 'yan ƙungiya sun ce suna yi masa fatan alheri a duk inda ya samu kansa.

Sai kowa ya tuna da abin da ya rasa.

"Ƙanƙarata!" in ji Baba.

"Talabijin ɗina!"

"Kek ɗin mutane yana cikin oven, rabi ɗanye!" in ji Yaya. "Wallahi yau sai ka cinye shi da cokalin da ka kankare kan Gwaggo!"

"Ni dai aikina bai saki ba," in ji Mai walda, yana nuna tagar. "Ku duba yankan nan."

Janar ya hau kan benci, ya ɗaga hannu biyu. Girarsa ɗaya ta ɗan babbake.

"Jama'a, ku kwantar da hankali. Kun gani da idonku, biyu na kwantar, na ukun ma Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Yanzu na gano inda matsalar take. Baɗi akwai wata gasar. Zan nutsar da kwamfuta gaba ɗaya a cikin man girki, na ga ana yi. Abin da nake buƙata kawai babbar tukunya..."

"Ka taɓa min tukunya ka gani," in ji Yaya.

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi ƙarfi ba. Auta, da take kusa da bencin, ta ga ya sauke hannuwansa ya cusa su a aljihu. Ya juyo wajenta, bai iya kallon idonta ba, ya tsaya a kan takalminta.

"Auta," ya ce, muryar ta koma ƙarama, "maganar nan da na ce zan yi... na riga na rantse a gaban mutane. Ki ƙara haƙuri, sai baɗi."

"Baɗi?" in ji Mai aski. "Da wannan saitin? Ka ce sai jikokinmu."

Aka sake fashewa da dariya. Auta ta dubi Gwaggo tana hayaƙi, ta dubi babbakakkiyar girar, ta hango baɗi da tukunyar mai, ta hango baɗin baɗi da abin da Allah kaɗai ya san zai nutsar. Wannan karon bakin ya karɓi saƙo.

"Janar!"

Ita kanta ta tsorata da ƙarfin muryar. Kowa ya waiwayo. Baba ya tsaya da kwalba a baki, Yaya ta juyo tana kallonta kamar yau ta fara ganinta.

"Kai ka rantse ba za ka tambaya ba. Ni kuwa ban yi rantsuwar ƙin amsawa ba. Sauko daga bencin nan ka ji da kyau." Ya sauko, har yana tuntuɓe. Ta gyara mayafi, ta ɗaga kai. "Ga Yaya, ga Baba, ga duk mutanen layin nan, su ma su zama shaida. Na yi maka alkawari zan aure ka, ko da har abada ba ka ci komai ba."